Zuciyata aka yi wa aiki, amma ƙoda ce ta kusa tafiya da ni

Ni haifaffiyar Jos ce, a Gangare na tashi, kuma har yau ina koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata da ke cikin gari. An yi mini aikin zuciya a wani asibiti a Abuja, aka cire mini ƙofar zuciya guda da ta lalace aka sa mini ta ƙarfe, kuma cikin ikon Allah aikin ya yi kyau. Abin da ya kai ni bakin kabari bayan an fito da ni daga ɗakin tiyata ba zuciyar ba ce, ƙoda ce, wadda ban taɓa yin ciwonta ba tun da nake. Na rubuta wannan labari ne domin matan da ake shirin yi wa irin wannan aiki da mazajensu da iyayensu, saboda abin da na gani da idona, da abin da na tambayi likitoci, da abin da na karanta bayan na samu sauƙi, duk sun nuna mini cewa mace tana hawa gadon tiyata da ƙarancin guzuri fiye da namiji, kuma sau da yawa ƙoda ce ke fara biyan wannan bashi.

Ciwona ya samo asali ne tun ina yarinya. Duk wanda ya tashi a Jos ya san yadda sanyin Disamba da Janairu ke kwantar da yara da ciwon maƙogwaro, kuma a gidanmu maganinsa bai wuce ruwan ɗumi da citta da zuma ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaro wadda idan ba a kashe ta da penisilin ba, garkuwar jikin yaro takan rikice ta juya ta faɗa wa gaɓoɓinsa da ƙofofin zuciyarsa. Inna ta tuna cewa na taɓa kwanciya da zazzaɓi da kumburin gwiwa ina firamare, na warke, aka manta. Ƙofar da ke tsakanin ɗakunan zuciyata biyu na hagu kuwa ta ci gaba da ƙanƙancewa a hankali shekara da shekaru. Wannan ciwo ya fi yawa a mata, kuma ciki ne ke tona shi, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ƙofar da ta tsuke kuma ba za ta iya wuce da shi ba.

A cikina na fari na yi ta haki, aka ce laulayi ne. A na biyu ƙafafuna suka kumbura, ba na iya barci sai na jingina da matasai, aka ce kumburin ciki ne, zai saɓe idan na haihu. Bayan haihuwa ta uku, hawa ɗan tudun da ke tsakanin bakin titi da ƙofar makarantarmu sai na tsaya na huta a hanya, aka ce jego ne bai sake ni ba. Ba wanda ya faɗi waɗannan maganganu da mugun nufi. Haka dai muka saba, gajiyar mace ba ta zama ciwo sai ta kasa tashi ta ɗora tukunya. Sai da na fara tari da ɗigon jini aka tura ni hoton zuciya, likita ya duba ya ce ƙofar ta tsuke ta kuma yi tauri, magani ba zai buɗe ta ba. Daga nan aka shiga neman kuɗi, wanda shi ma ya ci lokaci mai tsawo. Mijina ya sayar da filinsa, 'yan'uwa da abokan aiki suka yi karo-karo, 'yan adashinmu suka ba ni kwasa kafin layina ya zo, sannan muka kama hanyar Hawan Kibo da Akwanga da Keffi zuwa Abuja.

Gwajin da aka yi mini kafin aiki ya nuna ƙodata lafiya lau, amma jinina ya yi ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mace marar ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awon jininta ya gaza 12, namiji kuma idan ya gaza 13, ni kuwa nawa bai kai 11 ba, kuma na tabbata da haka na yi shekaru ina yawo tsakanin haihuwa da shayarwa da jinin al'ada. Likitan tiyatar ya zaunar da ni da mijina ya lissafa mana haɗurran aikin, ya ambaci zubar jini da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ya kuma gaya mana cewa a ma'aunin da likitocin Turai suka fitar a 1999 don ƙiyasta haɗarin aikin zuciya, wanda suke kira EuroSCORE, kasancewar majinyaci mace kaɗai maki ne guda a jerin abubuwan haɗari. Mijina ya tambaye shi dalili, ya ce bayanin yana da tsawo, amma a taƙaice mata sukan iso a makare kuma jikinsu ƙarami ne. A lokacin hankalina yana kan zuciya, maganar ƙoda ta wuce ta bayan kunnena.

Wanda bai san yadda ake wannan aiki ba zai yi mamakin abin da ya haɗa zuciya da ƙoda. Kafin a buɗe zuciya a sauya ƙofarta sai an tsayar da ita cak, a karkatar da jinin mutum zuwa wata na'ura da ke yin aikin zuciya da huhu a lokaci guda. Wani likita Ba'amurke, John Gibbon, ne ya fara yin nasarar amfani da ita a 1953, a Najeriya kuwa an fara irin wannan tiyata ne a asibitin koyarwa na Enugu a 1974. Na'urar tana raya mutum, amma ba ta kai zuciyar da Allah ya halitta ba. Jinin yakan tafi a miƙe ba tare da bugawa ba, ƙarfinsa yakan ragu, wasu jajayen ƙwayoyin jini sukan farfashe a cikin robobi su saki abin da ke toshe hanyoyin ƙoda, jiki kuma yakan ɗauki gogayyar jini da roba a matsayin hari ya tayar da kumburi. Ƙoda biyun nan, duk ƙanƙantarsu, suna karɓar kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. Kowace tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, masu aiki irin na rariyar tatar gasara, suna tace ruwa kusan lita 180 a kwana guda, su mayar da kusan dukansa jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba a matsayin fitsari. Gaɓar da ke buƙatar jini haka ba ta jure ƙarancinsa ko na awa biyu.

A nan ne ƙanƙantar jikin mace ke shigowa. Kafin a haɗa mutum da na'urar sai an cika robobinta da ruwa, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma wannan ruwa yana gauraya da jinin majinyaci. Namiji mai nauyin kilo 80 yana da jini sama da lita biyar, don haka ruwan ba ya tsinka shi sosai. Mace mai kilo 50 kamar ni jininta bai fi lita uku da rabi ba, kuma idan dama jinin ya yi ƙasa, sai ya tsinke har ya kasa kai isasshiyar iska ga ƙoda. Shi ya sa ake yi wa mata ƙarin jini a wannan aiki fiye da maza, ƙarin jini mai yawa kuma shi kansa yana cikin abubuwan da ake dangantawa da raunin ƙoda. An yi mini ƙarin jini a ɗakin tiyata, an kuma ƙara mini bayan na fito.

Na farka a ɗakin kulawa ta musamman da robobi ta ko'ina, ƙirjina kamar ba nawa ba. Abin da na fi tunawa shi ne wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duk bayan awa guda ta tsuguna a gefen gadona, ta ɗaga jakar fitsarin da ke rataye, ta karkata ta wajen fitila, ta juye ɗan abin da ya taru a wani ƙaramin kofi mai zane-zane, ta rubuta a takarda. Da farko fitsarin yana zuwa, daga baya ya koma ɗigo, launinsa ya yi duhu. Ƙa'idar ita ce mutum ya fitar da aƙalla rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa a awa guda, wato ni ana jiran mililita 25, abin da bai cika babban cokali biyu ba, amma ko shi na kasa kawowa. Ta kira likitan da ke aikin dare, ya duba sakamakon jinina ya ce lambar tana cikin iyaka, a ƙara mini ruwa a jira safiya.

Lambar da ya duba ita ce ta kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa ƙoda kuma ta tace shi. Idan ƙoda ta gaza, yakan taru a jini. Takardar ɗakin gwaji tana nuna iyakar da ake ɗauka lafiya, tawa kuwa ta nuna 1.0, kuma gaskiya ne ba ta haura iyakar ba. Da safe likitar ƙoda ta zo, mace ce mai natsuwa, ba ta tsaya kan takardar ranar ba, ta ce a kawo mata ta kafin aiki. Can an rubuta 0.6. Ta juyo ta ce da ni, "Malama, ke ba ki da tsoka da yawa, don haka lambarki dama ƙarama ce. Abin da zai zama lafiya a jikin ƙato, a jikinki ciwo ne." Ta bayyana wa ƙananan likitocin da ke biye da ita cewa bisa ƙa'idar da ƙungiyar ƙwararrun likitocin ƙoda ta duniya mai suna KDIGO ta fitar a 2012, idan kiriyatinin ya ƙaru da 0.3 cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na asalinsa cikin mako guda, ko fitsari ya yi ƙasa da ƙa'ida na awa shida, to ƙoda ta samu rauni ko da lambar ba ta fita daga iyakar takarda ba. Ta ƙara da cewa ruwan da ake ta ƙara mini yana tsinka jinin, yana sa lambar ta nuna ƙasa da yadda take. Ban riƙe likitan daren a zuciya ba, domin abin da takarda ta nuna masa ya karanta. Amma na yi imani cewa duk ma'aunin da ba ya la'akari da jikin mace zai ci gaba da jinkirta gano ciwonta.

Nan take likitar ƙodar ta dakatar da duk maganin da ke wahalar da ƙoda, ta sa a riƙa auna abin da ya shiga jikina da abin da ya fita, aka ɗaga ƙarfin jinina da magani. Duk da haka ƙodar ta ci gaba da ja da baya. Fuskata da hannuwana suka kumbura har zoben da aka mayar mini ya ƙi shiga, numfashina ya sarƙe saboda ruwa ya fara taruwa a huhu, sinadarin fotasiyam kuma ya hau, wanda idan ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya, balle wadda aka ɗinke jiya-jiya. Sai aka ce za a yi mini wankin ƙoda.

Da Inna ta ji wannan magana sai ta zauna a ƙasa a barandar asibitin, domin a saninta duk wanda aka fara yi wa wankin ƙoda ya kama hanya ke nan. Mijina ne ya ba ni labarin yadda likitar ta fito ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba irin ciwon ƙodar da ya daɗe yana cin mutum ba ne. Ƙodar 'yarki suma ta yi, za mu riƙe mata aikinta har ta farfaɗo, in Allah ya yarda." Inna ta ce, "Likita, ki gaya mini gaskiya, ana tashi?" Ta ce ana tashi, amma ba kowa ba. Na gode mata da ba ta yi wa mahaifiyata ƙarya ba. Daga baya na karanta cewa cikin waɗanda ake yi wa aikin zuciya, kusan ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku suna samun wani mataki na raunin ƙoda, amma waɗanda abin ke kai su ga wanki ba su wuce ɗaya zuwa biyar cikin ɗari ba, kuma a bincike da dama kusan rabin waɗannan ba sa fita asibiti da rai.

An sa mini roba a jijiyar wuya, na'ura ta riƙa jan jinina tana wankewa tana mayarwa. Bayan wasu zama, wata ranar da asuba ma'aikaciyar jinyar nan ta ɗaga jaka ta ce, "Malama, alhamdu lillahi, ya fara zuwa." Daga ɗigo ya koma zuba, har sai da aka riƙa mayar mini da ruwa don kada na bushe, domin ƙodar da ke farfaɗowa takan fara da sakin ruwa kafin ta iya riƙe shi.

A ɗakin nan akwai wasu mutum biyu da ba na mantawa. Ɗaya wani Alhaji ne ɗan kasuwa, kakkaura, an yi masa aikin jijiyoyin zuciya, ƙodarsa ta ɗan girgiza ta dawo, ya riga ni fita. Ɗayar wata dattijuwa ce daga wajen Lafiya, irin aikinsa aka yi mata. 'Yarta da ke jinyarta ta gaya wa Inna cewa shekaru ana ba ta maganin olsa, saboda ita ba ta taɓa cewa ƙirjinta na ciwo ba, kullum kukanta ƙwarnafi da tashin zuciya da kasala da haki. Haka ciwon jijiyoyin zuciya ke yawan zuwa wa mata, ba lallai da matsewar ƙirjin da kowa ya sani ba. Kafin a gano, ga ciwon suga, ga hawan jini, ga shekaru, an kuma yi mata hoton jijiyoyi da allurar rini gab da aiki saboda gaggawa, rinin kuwa yana wahalar da ƙoda. Alhajin da kansa ya ce ranar da ya fara jin ƙirjinsa ya riƙe, a ranar 'ya'yansa suka kai shi asibiti. Ƙodar dattijuwar ta tsaya, aka yi ta wanki ba ta dawo ba, ta rasu ina kwance a gadon da ke kallon nata. Allah ya jiƙanta ya gafarta mata.

Mutum biyu ba hujja ba ne a ilimi, wannan na sani a matsayina na malamar kimiyya, shi ya sa na bi maganar. An daɗe da sanin cewa mata sun fi maza mutuwa a kwanakin farko bayan aikin jijiyoyin zuciya. Ma'aunin da asibitin Cleveland na Amurka ya fitar a 2005 don hasashen wanda zai buƙaci wankin ƙoda bayan aikin zuciya shi ma ya ba mace maki guda. Amma wani babban nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa idan aka kwatanta mace da namiji masu shekaru ɗaya da cututtuka iri ɗaya, bambancin kamuwa da raunin ƙoda yakan dushe. A gwaje-gwajen dabbobi ma ƙodar mace ta fi ta namiji jure yankewar jini, kuma ana danganta hakan da estirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata. Abin da na fahimta shi ne ba a halicci ƙodarmu da rauni ba. Muna isowa ne da shekaru da ƙarancin jini da zuciyar da ta riga ta gaji, jijiyoyinmu sirara, jikinmu ƙarami ga na'urar, sannan a auna mu da lambar da ta fi dacewa da mai tsoka. Yawancin waɗannan abubuwa ana iya gyara su. Ana iya ɗaga jinin mace da maganin ƙarfe kafin ranar aiki, ana iya rage ruwan da ake cika na'ura da shi, ana iya ba da tazara tsakanin allurar rini da tiyata idan babu gaggawa, ana iya ajiye lambarta ta asali a saman fayil. Babban gyaran kuwa a gida yake, wato a yarda cewa hakin mace ciwo ne.

Da aka sallame ni na dawo Jos da sharuɗɗa masu yawa. Ƙofar ƙarfe tana buƙatar maganin tsinka jini na wafarin har ƙarshen rayuwa, da gwaji a kai a kai, kuma maganin yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka ni da mijina muka zauna da likita muka rufe maganar haihuwa. Ƙoda kuma ta zo da nata. An hana ni diklofenak da ibufurofen, waɗanda kowane kyamis ke miƙa wa mai ciwon baya ba tare da tambaya ba, aka bar ni da farasitamol. An hana ni jiƙe-jiƙe da duk wani haɗin da ban san abin da ke cikinsa ba, kuma sai da na yi ta ba masu zuwa dubiya haƙuri, domin kowa da sassaƙen da ya zo da shi cikin ƙauna. A watannin farko an ce na rage ayaba da tumatir da dankalin turawa saboda fotasiyam, abin da ke da wuya ga mutumin da ke cefane a Farin Gada. Ƙanwata ta koyi yanka dankalin ƙanana, ta jiƙa shi, ta tafasa ta zubar da ruwan kafin ta dafa mini. Azumin shekarar ban yi shi ba, bisa shawarar likita da fatawar malaminmu.

Ƙa'idar KDIGO ta ce duk wanda ya yi raunin ƙoda a sake auna shi bayan wata uku, domin wanda ya tashi daga wannan ciwo yana cikin haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda na dindindin da mutuwar wuri fiye da wanda bai yi ba, ko da yana jin kansa garau. Nawa gwajin ya nuna ƙodar ta dawo amma ba ta koma yadda take ba, lambata ta tsaya a 0.9. Duk inda na je asibiti yanzu ina ɗauke da kwafin takardar farko, ina nuna wa likita kafin ya ce mini lambar tana cikin iyaka.

A layin ganin likita na lura cewa mazan da aka yi wa aiki suna dawowa a kan lokaci, matan kuwa sai su ɓace bayan zuwa ɗaya ko biyu. Na karɓi lambobin wayar wasu na riƙa kira. Wata ta ce kuɗin gidan ya ƙare a tiyata, ba za ta iya buɗe baki ta nemi na mota da na gwaji ba. Wata ta ce maigidan ya ce ai ta warke. Wata ta ce ba ta da wanda za ta bar wa yara. Mu huɗu da muke zaune a Jos da Bukur muka fara ajiye ɗan abin da ya samu duk wata, wadda lokacin gwajinta ya yi ba ta da hali sai a biya mata. Wadda mijinta ya ce ta warke kuwa, mijina ne ya je har shagonsa a Katako ya zauna da shi, ya nuna masa takarduna biyu, ta kafin aiki da ta yanzu. A makon da ya biyo baya mutumin da kansa ya kawo ta aka ɗibi jininta, aka samu ƙodarta ta fara ja da baya, aka sauya mata maganin hawan jini aka kuma haɗa ta da likitan ƙoda.